Wa ya ɗauki wannan hoton?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tsohon mai ɗaukar hoton jarida ne. Na rataya kyamara a wuya a 1986, ban sauke ta ba sai 2015, ranar da aka ce mini aikina ya ƙare.

Ranar Juma'ar da ta wuce na sayi jaridarku kamar yadda na saba, na zauna a ƙofar gida bayan an sauko daga masallaci, na bi ta shafi-shafi. Ba labaran na fara karantawa ba, hotunan na bi, don idona a nan ya saba sauka. Mafi yawansu manya ne suna musabaha, ko suna yanka zare, ko suna zaune a bayan tebur da ruwan roba a gabansu. Akwai guda na ambaliya, wanda aka ja shi aka faɗaɗa har fuskokin mutane suka dagule. Na duba ƙarƙashin kowane hoto ina neman sunan wanda ya ɗauka. Babu ko ɗaya. Ƙarƙashin na ambaliyar an rubuta "daga intanet". Malam Edita, intanet ba mutum ba ne. Ba za ka kira shi ka ce masa a wane ƙauye ka tsaya, ran nawa ga wata, wace ce wannan matar da ke ɗauke da tabarma a ka ba.

Na koyi aiki a Sabon Gari a nan Kano, a hannun wani dattijo Bayerabe mai shagon hoto, Allah Ya saka masa. Wata shida na yi ina shara da haɗa ruwan magani kafin ya bar ni in taɓa kyamara. Har gobe ina jin warin ɗakin wanke hoto a hancina. Ka rufe ƙofa, ka toshe ƙasanta da tsumma don kada haske ya shigo, ka kunna jar fitila, ka tsoma farar takarda a cikin tire kana kaɗa ruwan a hankali. Da fari ba ka ganin komai. Can sai idanu su fara bayyana, sannan rawani, sannan mutum ya fito gaba ɗaya yana kallonka daga cikin ruwa. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kuma edita ba ya ba ka fiye da biyu ko uku in zai aike ka. Wannan ƙarancin shi ya koya mana haƙuri. Ba ka danna maɓalli sai ka tabbata.

Bari in ba ka misali da Hawan Daushe. Duk wanda ke da waya a yau zai iya tsayawa a Ƙofar Kudu ya ɗaga hannu sama da kawunan jama'a ya ɗauki bidiyo, kuma dubbai suna yi. Ni kuwa tun azahar nake zuwa, kafin wuri ya cika, in duba inda rana za ta kasance bayan la'asar, in nemi gefen da ƙura za ta tashi tsakanina da haske. Na san dogaran da za su bar ni in durƙusa, don mun shekara muna gaisawa. In mahaya suka taho a sukwane za su yi jahi, ba gudun nake so ba. Jira nake har lokacin da za a ja linzami, doki ya turje, ƙafafunsa na gaba su bar ƙasa, mahayin ya ɗaga hannu yana jinjina. Ƙiftawar ido ce. In ka yi gaggawa ka samu ƙura kawai, in ka yi jinkiri ka samu bayan doki. Sai da na yi Sallah huɗu ina zuwa kafin in samu wanda na yarda da shi. Da daddare na wanke, na shanya, da asuba na kai tasha na damƙa wa direban Kaduna a cikin ambulan, ina roƙonsa kada ya lanƙwasa.

Ban kawo wannan don in ce a koma zamanin fim ba. Ya wuce, kamfanin Kodak mai yin fim ɗin da kansa ya durƙushe a 2012, kuma ni ma na yi shekara goma ina aiki da kyamarar zamani ina jin daɗinta. Wayar ma ba na ƙinta. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, mutanen da ke kan rufin gidajensu su suka fara nuna wa duniya halin da ake ciki, da wayoyinsu, tun kafin wani ɗan jarida ya samu hanyar shiga. A Amurka, yarinya 'yar shekara 17 ce ta ɗauki bidiyon kisan George Floyd a 2020 da wayarta, kuma ba don ita ba da magana ta bi ruwa. Wanda abu ya faru a gabansa ya fi mu kusa, wannan ba gardama.

Abin da nake ƙi shi ne a ce tunda kowa na da waya, jarida ba ta buƙatar mai hoto. Turawa sun riga mu gwada wannan. Ranar 30 ga Mayu, 2013, jaridar Chicago Sun-Times ta tara masu ɗaukar hotonta su 28 ta sallame su duka a rana ɗaya. Cikinsu har da John White, baƙar fata, wanda ya ci lambar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, a 1982, ya kuma yi wa gidan aiki sama da shekara 30. Hujjar masu jaridar ita ce masu karatu yanzu bidiyo suke so, sai aka shiga koya wa wakilai ɗaukar hoto da iPhone. Ba a yi nisa ba masu karatu suka fara jera shafin farkonta da na kishiyarta Chicago Tribune suna kwatantawa, bambancin ba ya ɓuya. Daga baya sai da gidan ya mayar da huɗu daga cikin waɗanda ya kora. A shekarar nan dai, ranar 14 ga Nuwamba, jaridar Libération ta Faransa ta fito babu hoto ko guda, ta bar gurabensu farare fat, don mutane su gani da idonsu yadda jarida take in an cire mata ido. Lokacin da na karanta labarin Chicago na ce wa abokan aikina gemun ɗan'uwanmu ya kama wuta. Shekara biyu bayan nan ta iso kanmu.

Ba zan faɗi sunan gidan da na yi wa aiki ba, don na ci abinci a cikinsa, na aurar da 'ya'ya da albashinsa. Manaja ya kira mu mu uku, ya ba mu kujera, ya yi mana magana da mutunci. Ya ce takarda da dala ake sayo ta, talla ta koma Facebook da Google, kowane wakili kuma yana da babbar waya a aljihu. Ban ce ƙarya ya yi ba. Abin da ban yafe ba ya zo daga baya. Na koma bayan 'yan watanni in roƙi a ba ni negatif ɗina, wato wankakken fim ɗin da ake fitar da hoto daga cikinsa, ko a bar ni in tsara musu su kyauta. Aka kai ni wani sito a bayan ofis. Kwalaye ne jibge a ƙasa, rufi yana yoyo, damina ta bi ta kansu. Na ɗaga ambulan ɗaya, fim ɗin ya manne da juna ya zama curi, na ja sai fuskar hoton ta saɓule ta bi yatsana. A cikin kwalayen nan akwai jana'izar malamai, da naɗin sarauta, da gobarar kasuwa, da layin zaɓen 1993, da unguwannin da yau an rushe su an yi titi. Na zauna a kan wani bulo na daɗe ban tashi ba.

Yanzu ka duba wanda ya gaje mu. A zahiri an ce wakili ne da wayarsa, amma wakilin nan mutum ɗaya ne da hannu biyu. Akwai wani yaro maƙwabcina da ke yi wa wata kafar yaɗa labarai aiki. In ya je taro, shi ne mai naɗar murya, shi ne mai rubutu, shi ne mai bidiyon da za a sa a Facebook, ga edita yana kira a wayar da yake ɗaukar bidiyon da ita yana cewa turo, turo. Datar ma daga aljihunsa. To yaushe zai ga tsohuwar da aka hana shiga a bakin ƙofa? Dole ya haƙura ya jira hotunan da mai taimaka wa gwamna kan yaɗa labarai zai zuba a zauren WhatsApp na 'yan jarida. Ashe magajinmu na gaskiya shi ne mai hoton gidan gwamnati. Shi kuwa aikinsa ya nuna maigidansa da kyau. Zai ɗauki ajin da aka yi wa fenti, ba zai juya ya ɗauki na bayansa da yara ke zaune a ƙasa ba. Zai ɗauki famfo ranar da aka ƙaddamar da shi yana zubar da ruwa, ba zai dawo bayan wata biyu ba. Gobe jaridu biyar su fito da hoto iri ɗaya, daga kusurwa ɗaya, mai karatu yana zaton mutum biyar ne suka je suka gani.

Mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Da yawanmu mun saba da tsayawa bayan taro ana raba na mota, har manya suka ɗauke mu masu hoton biki. Wanda ya mayar da kansa haka, ranar da aka samu mai yi a araha ba wanda zai yi kukan rashinsa. Amma akwai waɗanda suka riƙe aikin da daraja. Abin da 'yan baya suka sani na kamannin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kaso mai yawa daga kyamarar Peter Obe na jaridar Daily Times ya fito, don ya bi sojoji har fagen daga, kuma sunansa na nan a jikin aikinsa.

Sunan nan shi ne maganata, Malam Edita. Hoto shaida ne, shaida kuwa ba a karɓarta daga wanda ba a san shi ba, ko a gaban alƙalin ƙauye. Ka tuna bayan sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu na 2014, hotunan wasu 'yan mata suka zagaya duniya ana cewa su ne. Ashe wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Ami Vitale, ita ta ɗauke su a Guinea-Bissau shekaru kafin nan, ba su da alaƙa da Borno ko kaɗan. Wannan da kyakkyawar niyya ma aka yi. To ina ga ranar da rikici ya tashi a Filato ko Kudancin Kaduna, wani ya ɗauko hoton gawarwaki daga wata ƙasa ya ce ga abin da aka yi wa 'yan'uwanmu jiya? Mun ga yadda irin wannan ke sa a tare hanya a kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yau kuma ga na'ura tana ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba, yaro ɗan sakandare ma ya iya. Idan jarida ba ta da mutumin da za ta nuna ta ce wannan namu ne, shi ya je, shi ya gani, to me ya raba ta da zauren WhatsApp na unguwa?

Sai kuma sutura. Lokacin da tankar mai ta fashe a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, mutane sama da 100 suka rasu, bidiyon da suka shigo wayata ban iya kallonsu har ƙarshe ba, kuma wasu kafafe sun ɗora su yadda suke. Waɗannan 'ya'yan mutane ne, iyayensu ma suna da waya. Na tuna wani hatsari a hanyar Zariya da aka aike ni a farkon aikina. Na isa an jera mamatan a gefen titi, an lulluɓe wasu da zannuwa, wasu ba a kai ga rufe su ba. Na ɗaga kyamara, sai wani dattijo ya dube ni, bai ce komai ba. Na sauke. Na zaga bayan motar, na ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a kan kwalta, kusa da wani kwanon sha da ya lotse, gari ya watse a kewayensu. Shi na ɗauka, shi aka buga. Mako guda ana aiko wa edita wasiƙu a kan lalacewar hanyar nan, kuma babu uwar da ta ga gawar ɗanta a hannun mai sayar da jarida. Irin wannan ba a cikin waya yake ba, a wurin manya ake koyonsa, manyan kuwa an sallame su.

Na san ba ku da kuɗin ɗaukar mutum goma, ban kuma ce ku ɗauka ba. Amma ku riƙe ko mutum ɗaya wanda hoto ne kaɗai aikinsa, ku riƙa tura shi inda ba a gayyace ku ba: asibitin karkara, sansanin 'yan gudun hijira, kasuwar hatsi ta Dawanau lokacin kaka. In hoto daga gidan gwamnati ya zo, ku rubuta a ƙarƙashinsa cewa daga gidan gwamnati yake, mai karatu ya san da wa yake magana. In na wani bawan Allah ne da ya ɗauka da wayarsa, ku neme shi, ku tambaye shi wuri da rana, ku sa sunansa, ku ba shi ɗan abin da ya sauwaƙa, haƙƙinsa ne. Kuma don Allah ku aika wani ya duba inda kuke ajiye tsofaffin hotunanku kafin damina ta faɗi.

Ni dai idona ya fara rauni, amma ina iya zama da wakilanku na Kano ranar Asabar, su zo da wayoyinsu, mu fita Kurmi ko bakin Kwari in nuna musu inda ake tsayawa da lokacin da ake jira. Ba na neman ko sisi. In kun amince, ku ba da amsa a wannan shafi, ina karantawa kowane mako.

Wassalam.

Naka,
Tsohon mai ɗaukar hoto,
Fagge, Kano.