Zuwa ga 'yan ɗakin baya da duk masu zuwa gidanmu

'Yan uwana, ƙannena da 'ya'yana, ina gaishe ku. Ya sanyi, ya aiki, ya yara?

Na so a ce da baki zan faɗa muku wannan magana ranar Lahadi, kuna zaune ana cin tuwo. To mako uku ke nan rabin kujerun ɗakin baya na mashayarmu ta nan Dublin babu kowa a kai, shi ya sa na ɗauki biro. Ɗiyata ta rubuta wa Turawan unguwa tasu takardar da Turanci, an liƙa a ƙofa. Taku kuwa na ce ni zan rubuta, kuma da Hausa, domin da Hausa marigayi maigidana Malam ya saba tarbar ku, kuma ba na so ku ji labarin gidan nan a bakin wani.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Daga farkon wata mai zuwa ba za mu riƙa buɗewa Litinin da Talata ba. Kuɗin abinci ya ƙaru, wannan kun riga kun gani a faranti. Girkin Lahadi da muke yi kowane mako zai koma sau biyu a wata, na ɗan lokaci. Amma maganar da ke yawo wai Mama ta sayar da wurin za ta tattara ta koma Jos, ba gaskiya ba ce. Ban sayar ba, ban kuma kira kowa ya zo ya taya ba. Na san wanda ya fara faɗa, ban riƙe shi a zuciya ba, sai dai da ya tambaye ni da na ba shi amsa, tun da ya san lambar wayata.

Wasunku ba su daɗe a Dublin ba, sun tarar da Malam ne ya tsufa, yana zaune a kujerarsa ta kusa da murhu yana tsokanar mutane. Bari in gaya musu ko wane ne. Ɗan nan unguwar ne, a arewacin kogin Liffey aka haife shi, kuma kun sha jin yana cewa shi ma ɗan Arewa ne, kada wanda ya raina masa hankali. Yana saurayi ya tafi Jos koyarwa a wata makarantar mishan, ta hannun Fada-Fadan Katolika na ƙungiyar SMA da suke da babban gidansu a Cork. A can kuka ji ake ce masa Malam, sunan kuma ya bi shi har kabari. Hausarsa a kasuwar Taminus ya koye ta, wurin masu kayan miya, shi ya sa ya iya ciniki fiye da gaisuwa. Har ya rasu bai iya raba "ƙara" da "kara" ba, in na gyara masa sai ya ce ba komai. Komai a wurinsa ba komai ne. Bututu ya fashe, ba komai. Mutum ya ci abinci ya ce sai ƙarshen wata, ba komai. Ni ce nake kwana ina lissafi.

Na sani kalmar mashaya tana yi wa wasunku nauyi a kunne. A gida in an ce gidan giya, kowa ya san inda zancen ya dosa. A nan Ayilan kuwa wuri irin namu shi ne zauren unguwa. Nan ake tahowa in an taso daga jana'iza, nan ake tahowa bayan baftisma, nan tsohon da 'ya'yansa suka watse Ostireliya da Amurka zai zo ya yi awa uku a kan kofi ɗaya don kawai ya ji muryar mutane. Malam ya fahimci duka biyun. Lokacin da gwamnati ta hana shan taba a wuraren aiki a watan Maris na 2004, masu tabar suka koma tsayuwa a bakin titi, ɗakin baya da suka saba cikawa da hayaƙi ya zama fanko. Shi da kansa ya wanke bangon, ya yi fenti, ya sa kafinta ya gyara ƙofar gefe wadda ke fita lungu, ya ce wannan ɗakin na mutanen Mama ne. Ya kafa doka ɗaya: kwalba ba ta tsallake wannan ƙofa. Shekara ashirin ba a karya ta ba, kuma ba za a karya ta a hannuna ba. Duk Asabar yakan tsallaka kogi zuwa wajen mahautan da ke kusa da masallacin South Circular Road ya sayo naman halal, don kada Alhaji ko Hajiya su zauna suna tambayar zuciyarsu. In azumi ya zo, dabino da fulas ɗin kunu suna kan tebur tun kafin a sha ruwa, ko da a shekarun da azumi ya faɗo a bazara, rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare, shi yana ta duba agogo yana tausaya muku kamar shi ke azumin.

Kun tuna 2020. Ranar 15 ga Maris, saura kwana biyu bikin Saint Patrick, ranar da ta fi kowace rana ciniki a shekara, aka ce duk mashaya su rufe saboda korona. Ganguna cike a ɗakin sanyi, haka suka lalace. Da ƙarshen Yuni ya yi aka ce masu dafa abinci kaɗai za su buɗe, kuma sai mutum ya sayi abincin da ya kai Yuro 9 kafin a ba shi abin sha. Maƙwabtanmu da ba su da kicin suka ci gaba da zama a kulle wata da watanni. Mu muka buɗe. Tsofaffin Turawan da a da suke kallon miyar kuka a karkace, sai ga su suna neman ƙari, wani ma da hannu yake ci don ya burge ni. Malam ya yi ta dariya yana cewa tuwon Jos ne ya ceci mashayar Dublin. Ina faɗar wannan ne don ku san ɗakin baya ba alfarma ake yi muku ba. Ya taɓa riƙe gidan nan gaba ɗaya.

Ranar da muka kai shi, ban san adadin waɗanda suka zo ba. Mutanen Ayilan a wajen mutuwa kamar mu suke: a kwana da gawa, a yi layi, kowa ya riƙe hannunka ya ba ka haƙuri, a ci a sha, a yi ta ba da labarin mamaci har a koma dariya. Amma abin da ya tsaya mini shi ne ku. Musulminku da Kiristanku kuka cika bayan coci, wasu suka tsaya a waje cikin ruwan sama, maza da manyan riguna, mata da kuloli. Da aka yi addu'ar cika wata guda, wadda suke yi a nan kamar yadda ake sadakar arba'in a gida, kuka sake dawowa. Fada ya tambaye ni daga baya wai Malam sarki ne a Afirka? Allah ya saka muku, Allah ya ba shi hutawa.

To yanzu ga abin da ya kawo ƙarin kuɗi, don na ji har an ce tun da maigida ya kwanta dama Mama ta buɗe ido da son kuɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ginin nan ba namu ba ne, haya muke yi, wasunku ba su sani ba. Tsohon mai ginin abokin Malam ne tun suna yara, in lokacin duba haya ya zo sai su zauna su sha shayi su tashi. Tsohon ya rasu, 'ya'yansa ba sa ƙasar, wani wakili ne yake aiko mana takarda. Yarjejeniyarmu tsohuwa ce, irin wadda aka rubuta cewa duk shekara biyar za a duba kuɗin haya, kuma sama kaɗai yake iya tafiya, ba ya sauka ko kasuwa ta mutu. An hana rubuta irin wannan sharaɗi a sababbin yarjejeniyoyi tun 2010, amma dokar ba ta shafi waɗanda aka sa wa hannu kafin nan ba, mu kuma muna cikinsu. Lokacin dubawar sai ya faɗo 'yan watanni bayan rasuwar Malam. Ban ce sun jira ya mutu ba. Ban faɗa ba. Na dai ce takardar ta iso ina cikin baƙin kaya. Malam yana da wani ba'a da yake yi, wai Arthur Guinness, wanda ya kafa kamfanin giyar Guinness, ya karɓi hayar filinsa na St James's Gate a 1759 na shekara 9,000 a kan fam 45 duk shekara, shi kuma ga shi nan kullum gabansa na faɗuwa duk shekara biyar. Da ina dariya. Yanzu na gane ba ba'a kaɗai yake yi ba.

Ba haya kaɗai ba. Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 kuɗin wuta da gas suka yi tashin da kowannenku ya gani a gidansa. Ku a gida kuna iya kashe hita ku ƙara bargo. Ni ba zan iya kashe ɗakin sanyi ba, ba zan kashe firiza ba, ba zan kuma bar tsoho ya zauna cikin sanyi a watan Janairu ba. Harajin da gwamnati ke ɗorawa a kan abincin sayarwa ya tashi daga kashi 9 zuwa 13.5 cikin ɗari ranar 1 ga Satumba 2023, Malam ya ƙi ƙara muku ko sisi, ya ce a bari tukuna, muka shanye shi daga aljihunmu fiye da shekara. Mafi ƙarancin albashi na awa ɗaya Yuro 11.30 ne a 2023, ya koma 12.70 a 2024, ya kai 13.50 a 2025. Ba na ƙyashin yaran da ke mana aiki, biyu daga cikinsu ma 'ya'yanku ne, kuma da hayar ɗaki a Dublin ko wannan bai ishe su ba. Amma kuɗin daga wani wuri zai fito. Ga kuka, ga daddawa, ga busasshiyar kuɓewa da yaji, ku da kanku kuna zuwa shagunan Moore Street, kun san yadda ƙullin da yake cika hannu ya koma. Na iya rage nama in cika miya da ruwa, babu wanda zai kai ni ƙara. Ban iya ba ne kawai.

An kuma ce mini wata ta ce ɗanɗanon miyar ya canza tun bayan rasuwar. Ƙanwata, Malam bai taɓa riƙe muciya ba a rayuwarsa. Hannun da ke kaɗa miyar nan shi ne dai na da. In akwai abin da ya canza, babu mai zagayawa tebur-tebur yana tambaya ko an ƙoshi, wannan kuma ba ni da maganinsa.

Akwai wani littafi da na tarar a aljihun teburinsa, mai baƙin bango. Waɗanda sunansu ke ciki sun san kansu. Ba zan kira kowa ba, ba zan nuna wa kowa ba, ɗiyata ma ba ta gani ba. Wanda Allah ya hore masa ya tuna, to. Wanda har yanzu yana fama, ya zo ya ci abincinsa kamar kullum, kada littafin ya hana shi shigowa. Abin da ya fi min ciwo shi ne in ji mutum ya daina zuwa don kunya, ko in hango shi ta taga ya wuce zuwa sabon wurin nan na kan kwana ya sunkuyar da kai. Ban hana kowa cin abinci inda ya ga dama ba, su ma neman halal ɗinsu suke yi. Amma ko gaisuwa?

Game da abin da muke yi, muna kan magana da mutanen da ya kamata. Akwai lauya da ke duba takardun, da maganar mayar da lasisi sunana, wanda shi ma yana da tasa hanyar ta kotu. Akwai wasu shawarwari da aka kawo mana muna auna su, ba zan so in faɗi abin da bai tabbata ba in zo ina jin kunya. Da zarar an samu haske za ku ji, kuma in abubuwa suka daidaita girkin Lahadi zai koma yadda yake. Ba zan sa rana ba.

Ina godiya ga Baba direban tasi, wanda tun ɗakin baya yana warin fenti yake zuwa, kuma shi ya kai mu asibiti a daren ƙarshe ya ƙi karɓar kuɗi. Ina godiya ga 'ya'yana nas-nas da suke biyowa da safe in sun tashi daga aikin dare, idanu jajur, su ce Mama ko shayi ne. Ga Hajiya da ta koya mini masar Bauchi ta kuma yi shekaru tana cewa har yanzu ban iya ba. Ga likitan da ya zo mana yana ɗalibi da jaka ɗaya, Malam ya ba shi tsohon kwat ɗinsa, yanzu yake kawo 'ya'yansa uku. Ga matasan da suke cika mana gida ranar da ake wasan ƙwallon gargajiyar Ayilan a filin Croke Park, waɗanda Malam ya koya wa ihun goyon bayan Dublin a shekarun nan da suka ci kofin ƙasa sau shida a jere, daga 2015 zuwa 2020, ko da rabinsu har yau ba su san dokokin wasan ba. Da matan zumunta na coci da suka karɓi kicin mako biyu cur lokacin da na kasa tashi. Ban manta da ko ɗaya ba, kuma wanda ban ambata ba kada ya ce Mama ta yi son kai, takarda ce ta ƙare.

Lahadi ta farko da ta uku a kowane wata, daga ƙarfe ɗaya na rana. Wannan karon tuwon shinkafa ne da miyar taushe, akwai kuma masa in Hajiya ta yarda ta zo ta tsaya a kaina. Mai zuwa da mutane fiye da biyar ya kira ni tun Juma'a don in san yawan naman da zan sayo, yanzu ni ke tsallaka kogin. Ƙofar lungu za ta kasance a buɗe. Kujerar Malam tana nan inda take, ban hana kowa zama a kai ba, ku ne kuke kewaye ta.

Taku,
Mama