Zuwa ga ɗana da ya kama aikin gwamnati

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mu ma nan Kaduna sai godiyar Allah. Mahaifiyarka ta nuna mini hoton takardar ɗaukarka aiki a wayarta: mataki na 8. Alhamdulillahi, Allah ya sanya albarka. Na rubuto ne don a waya hirarmu ba ta wuce "yaya aiki, yaya Abuja", abin da ke raina kuwa ya fi haka.

Ka tashi ka ganni da shagon naɗin koyil, wato wayar cikin injunan lantarki, amma ba da shi na fara ba. Shekara 19 na yi a masaƙa a Kakuri. A wancan zamani, in aka busa jiniyar tashi, kekuna da babura sai sun toshe titi, kuma ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wannan aiki zai ƙare. Sai atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, wutar lantarki ta ƙi zama, baƙin mai ya yi tsada. A farkon shekarun 2000 masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na ga shugabannin sashe, mutanen da muke rusuna wa, sun koma acaɓa da furfura a gemu.

Abin da ya cece ni, bayan ikon Allah, wani dattijo ne mai gyaran injuna a sashenmu. Lokacin hutun cin abinci, abokaina na hira a gindin bishiya, ni ina tsugune gabansa ina miƙa masa sifana. Har tsokanata ake yi, wai yaron oga. Shekara uku kafin ya yarda in naɗa koyil ni kaɗai. Ranar da aka garƙame ƙofa, kujera da katin aiki suka zauna a ciki, wannan kuwa na fito da shi a hannuna. To kai ma ka duba ofishinku, akwai aikin da kowa ke gudu, ko lissafin kasafi ko sarrafa bayanai a kwamfuta. Ka iya shi har ya zama in ba ka zo ba sai an nemi inda kake.

Za ka ji ana cewa wane yana da uwa a gindin murhu, shi ya sa ya haye. Ba zan ce maka ƙarya ne ba. Amma mu da ba mu gaji kowa a sama ba, jama'armu da hannu muke shuka ta. Kwastomana na farko mai injin niƙa ne da na taɓa gyara wa famfon ruwa ban karɓi ko kwabo ba, shi ya yi ta turo mini 'yan uwansa. Ka gai da masinja da direba yadda kake gai da darakta. Fayil ɗinka ta hannun masinjan zai bi. Ka je suna, ka je ta'aziyya, zumunci a ƙafa yake. Kada dai ka zama mai kai gulma wurin oga, irinsu suna tashi da wuri, amma ranar da aka sauya ogan ba su da wurin zama.

Sai lissafi. Doka ta ce shekara 35 a aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Shekarunka 27, ke nan 33 ke gabanka, kuma a matakinku ƙarin girma sai bayan shekara uku-uku, da jarrabawa. Ɗauki biro ka ƙirga inda za ka kai. Digiri na biyu, in kana so, ka yi shi kafin 'ya'ya su fara makaranta. Kashi 8 cikin ɗari da za a riƙa cira a albashinka na fansho, gwamnati ta ƙara 10, ka riƙa bibiya ka tabbatar yana shiga asusun. Ni ban taɓa tambayar nawa ba sai da aka rufe, kuma ka san shekarun da muka yi muna zaryar haƙƙinmu.

Mahaifiyarka ta ce in tuna maka batun aure. Na ce mata a bari albashi uku ya shiga tukuna. In za ka zo hutun Sallah, ka taho da takardar asusun fanshon mu duba tare.

Ƙannenka suna gaishe ka.

Mahaifinka.