Mun yi saurin rufe shi, shaidar ma ta bi shi kabari

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ke ci na tun watan jiya. Akwai yaron maƙwabcinmu nan Gusau, ɗan kabu-kabu ne, 'yan sanda sunka zo sunka kama shi da la'asar kan zancen wayar sata da wai ya saya hannun wani. Ni da idona na ga yadda anka jefa shi bayan mota kamar buhun gero, ankwa a hannu, takalminshi ƙafa ɗaya ya faɗi bakin kwata ƙanwarshi ta ɗauka ta bi motar tana kuka. Wallahi yaron bai yi gardama ba, ko allura babu a jikinshi. Bayan kwana biyu sai ga kira wai a zo a ɗauki gawa, wai ya yanke jiki ya faɗi cikin sel.

Waɗanda sunka yi mishi wanka sun ce bayanshi duk shatin duka ne. Amma kafin azahar mun sallace shi mun kai shi makwanci, dattawa sun ce ba a jinkirta gawa, uban kuma ya ce ba mai feɗe mishi ɗa a asibiti, ya bar wa Allah. Ni ban ga laifin tsohon ba, amma ranar da wani lauya ɗan unguwa ya tambaye mu ina takardar likita, ina hoto, kowa sai ya sunkuyar da kai.

Shi ne ya faɗa muna dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa mutum azaba, kuma tsarin mulki ya ce a kai wanda anka kama kotu cikin awa 24 in dai akwai kotu kusa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta ce majistare ya riƙa leƙa ofisoshinsu duk wata. To doka dai ga ta, amma da wace shaida za mu je gaban alƙali?

Ku tuna George Floyd, baƙar fatar da ya mutu hannun 'yan sanda a Amurka, 2020. Sanarwar farko da 'yan sanda sunka fitar cewa ta yi rashin lafiya ce ta taso mishi, irin dai tamu. Bidiyon wata yarinya 'yar shekara 17 ne ya nuna gwiwar ɗan sanda kan wuyanshi sama da minti tara, likitoci sunka duba gawa, anka ɗaure ɗan sandan, Derek Chauvin, shekara 22 da rabi.

Na san 'yan sanda na mutuwa hannun 'yan bindiga a dajin Zamfara, akwai ɗan ƙanen babana cikinsu, Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu. Amma wanga yaro ba daji anka kamo shi ba, ƙofar gidansu ce.

Roƙona ga malamanmu, su fito su yi muna bayani a huɗuba: in an kashe mutum a hannun hukuma, ya halatta a dakata likita ya duba kafin a rufe? Don maganarsu kaɗai tsofaffinmu za su ji, ba ta lauya ba.

Babur ɗin yaron har yau yana can ofishin, an ce sai an kawo takardu.

Naku,
Wani mai gyaran waya, Gusau