Hanci ma yana da tsoka, a riƙa faɗa mana kafin tiyata

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ɗan ba ni fili.

Ƙanena ɗan kabu-kabu ne a nan Birnin Kebbi, bara ya yi hatsari a hanyar Jega karan hancinsa ya karye ya goce gefe, numfashi ma sai ta baki. Aka yi mishi tiyata a wani asibiti, alhamdulillahi aiki ya yi kyau, amma da aka cire bandeji sai muka ga in ya yi murmushi leɓen sama ba ya ɗagawa, haƙora ba su fitowa, fuska ta daskare kamar ba tashi ba. Inna ta fashe da kuka wai iska ce ta taɓa shi, har an kawo garwashi za a yi mishi hayaƙi a hancin da ɗinki bai warke ba, wallahi da ƙyar na hana.

Sai da muka koma ganin likita wata nas, Allah ya saka mata, ta zaunar da mu. Ashe hanci ba ƙashi da guringuntsi kaɗai ba ne, akwai ƙananan tsokoki kwance ƙarƙashin fata, wata ke buɗe kafofin hanci in ka ja iska da ƙarfi, wata ta bi gefen hanci ta sauko tana ɗaga leɓen sama, wata kuma ke jan kan hanci ƙasa in ana dariya, kuma jijiyar fuska ɗaya ke motsa su duka. Kafin likita ya kai ga ƙashi sai ya ɗaga fata da tsokar, to kumburi ya riƙe su su yi sanyi na makonni, kumburin kan hanci ma yana iya kai shekara 1. Ƙanena sai wajen wata 3 murmushinsa ya dawo.

Bayanin nan ko minti 5 bai kai ba fa Edita, mi ya hana a yi mana shi tun kafin a shiga da yaron?

Ƴan matanmu kuma masu ganin hotuna a TikTok suna sha'awar a sirance musu hanci, su sani in aka rage guringuntsi da yawa gefen hanci na iya lotsawa ciki duk sanda aka ja numfashi, tsokar ba ta da abin dogara, sai an sake wata tiyatar. Ina roƙon likitocinmu na Kebbi da Zamfara su kira mara lafiya da uwarsa su yi musu bayanin nan da Hausa kafin a sa hannu a takarda.

Naku,
Mai karatu daga Birnin Kebbi