Bencinan sujadar Hausa sun zama wayam

Malam Edita,

Ka ba ni fili in koka da 'ya'yanmu na cocin Angilikan a nan Gombe. Tun kafin a ba mu dayosis namu, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop guda, a 1999 nake zuwa sujadar Hausa. A lokacin, wanda ya makara sai dai ya tsaya bakin taga. Lahadin da ta wuce kuwa, benci uku a gabana ba kowa, sai littafin waƙoƙi a ajiye.

Wai 'ya'yan namu a waya suke jin wa'azi. To, da maigidana ya rasu, waya ce ta kawo mini buhun masara da itace? 'Yan zumuntar mata ne suka kwana uku a tsakar gidana, maƙwabciyata Hajiya tana taya su tuƙa tuwo.

Wata mai karatu,
Tudun Wada, Gombe