Sun ce min laftof ɗin ta mutu, ashe filash ne ba a haɗa daidai ba

Malam Edita, assalamu alaikum, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini, akwai abin da ya same ni da nake ganin yana samun mutane da yawa, musamman tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 kowa ya tashi neman sa Windows 11.

Ina da wata laftof ta hannu, Lenovo ThinkPad, da ita nake buga jarabawar yara da sakamakonsu a makaranta. Na kwana uku ina sauke Windows 11 da datar dare, da ta gama na ɗauki fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da Windows ɗin ya zo a cikinsa, na jefa shi cikin filash kamar yadda ake tura fim, na soka, na kashe na kunna, shiru, ta wuce abinta cikin tsohon Windows kamar ba ta ga komai ba. Na yi ta maimaitawa har na gaji na kai wa wani mai gyara a kasuwa, wallahi bai fi minti biyar da ita ba ya ce wai bod ɗinta, wato babban allon da ke cikinta, ya fara tafiya, ko dai a canza ko in bar masa ita ya ba ni wani abu in cika in sayi wata. Na dawo gida jikina a sanyaye dan albashin malami ka san yadda yake.

Wani tsohon ɗalibina ne ya zo gaishe ni ya tarar ina ta juya ta. Da na ba shi labari ya ce Malam ai ba haka ake yi ba, ISO ba a kwafa shi a filash, rubuta shi ake yi da manhaja irin Rufus ko kuma wadda Microsoft ke bayarwa kyauta, dan sai an shirya filash ɗin yadda kwamfuta za ta iya tashi daga kansa, kuma sai mai aƙalla giga 8, kuma duk abin da ke ciki gogewa yake yi saboda haka a kwashe tukuna. Muka yi hakan. Sannan ya ce kar in jira ta gane da kanta, ana kunnawa a yi ta danna F12 har jerin na'urori ya fito, a Dell ma F12 ne, HP kuma F9.

Jerin ya fito amma babu filash a ciki. Nan ne na koyi abin da ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa. Yaron ya danna F1 muka shiga BIOS, wato saitin kwamfuta na kafin Windows ya tashi, ya nuna min wani layi da aka bar shi a kan Legacy Only, wato tsohon tsarin tashi kenan, alhali Rufus ya shirya filash ɗin a GPT, sabon salon rabon faifai, wanda sabon tsari UEFI kaɗai ke ganinsa. Kamar ka rubuta wa mutum wasiƙa da ajami alhali boko ya iya, takardar na hannunsa amma ba abin da zai karanta. Layi ɗaya muka canza, muka adana, muka sake kunnawa sai ga sunan filash ya fito ɓaro-ɓaro. Bod ɗin da aka ce ya tafi yana nan lafiyarsa ƙalau.

Ko da haka ba mu tsira ba, dan an fara sawa kenan aikin ya tsaya wai wasu fayiloli sun lalace. Muka canza ramin soka filash daga mai shuɗin ciki zuwa wani, duk ɗaya. Sai ya sa Rufus ya binciki filash ɗin, akwai wurin duba ɓangarorin da suka lalace, ashe jabu ne, an rubuta 64GB a jikinsa amma cikinsa bai kai ko kusa ba, yana karɓar kaya ya nuna maka sun shiga alhali sun bi ruwa. Na tuna yadda na yi murnar samunsa da araha a hannun mai talla a tasha, kuma a cikinsa na taɓa ajiye sakamakon yara na zango guda, gabana sai da ya faɗi. Washegari na sayi mai giga 16 a shagon da na yarda da shi.

Abu na ƙarshe da ya tare mu, wurin zaɓen inda za a sa Windows ɗin ya ce ba zai hau faifan ba dan yana kan MBR, tsohon salon rabon faifai, sai muka goge rabe-raben faifan gaba ɗaya. Allah ya sa yaron ya matsa min na kwashe takarduna tun farko, dan a wannan matakin ne mutane ke asarar hotunan aure da takardun shekaru. Wanda kuma kwamfutarsa ta tsufa sosai ya sani Windows 11 na neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, da RAM giga 4 da wurin ajiya giga 64, in ta ce masa ba za ta ɗauka ba wannan ba laifin filash ba ne, kuma ba mutuwa ta yi ba.

Ba na cewa duk masu gyara haka suke, akwai masu tsoron Allah da sanin aiki, amma wanda bai sani ba ya ce bai sani ba mana, kar ya yanke wa kayan mutum hukuncin kisa. Roƙona gare ka Malam Edita shi ne ku ware mana ko rabin shafi ne duk mako a riƙa bayanin irin waɗannan abubuwa da Hausa tare da hoton allon BIOS ɗin, dan duk bayanin da na nema a intanet a daren nan da Turanci na same shi, kuma abokan aikina uku yanzu haka suna jiran in kawo musu yaron nan ranar Asabar.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Funtuwa