Sanarwa ga ƴan aji huɗu masu fita SIWES

Assalamu alaikum ƴan'uwa ɗaliban injiniya na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, Wudil. Da fatan kowa lafiya.

Za mu zauna ranar Asabar bayan La'asar a ɗakin karatunmu, kan SIWES, wato aikin koyon sana'a na wata 6. Kowa ya zo da takardar kamfanin da ya karɓe shi da littafin rahotonsa.

Wanda ya fara aiki ya cike fom ɗin shaidar fara aiki, wato SCAF (wanda a da ake kira SPE-1), ya miƙa wa ofishin ITF (hukumar da ke kula da SIWES) mafi kusa da wurin aikinsa ba tare da jinkiri ba. Littafin nan kuwa kullum ake rubuta shi: aikin da aka yi, injin da aka taɓa, da zanensa. Mai kula da ku a wurin aiki ya sa hannu duk ƙarshen mako. Masu tara rubutun wata uku su yi shi a dare ɗaya, wajen kare rahoto ake kama su, don ba sa iya bayanin abin da suka zana. Kada a manta da Fom 8 (na rahoton kammala aiki) da hatimin ITF kafin dawowa.

Masu zuwa wurin gini ko masana'anta, a tanadi takalmin kariya da hular kwano.

Allah Ya ba da sa'a.
Shugaban aji